'Yan Riƙau da 'Yan Sassauci: Rikicin Cikin Gida a Jam'iyyar Conservative ta Birtaniya

 

Yau Birtaniya muka nufa. Za mu leƙa cikin gidan wata tsohuwar jam'iyya, jam'iyyar Conservative, wadda 'yan ƙasar ke yi wa laƙabi da Tory. A labarai kun saba jin ana ce mata jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya. Ita ce jam'iyyar Winston Churchill. Ita ce ta Margaret Thatcher. A ƙarni na 20 babu jam'iyyar da ta kai ta daɗewa a kan mulkin Birtaniya. A baya-bayan nan ma shekara 14 ta yi a jere, daga 2010 zuwa 2024.

Ran 4 ga Yulin 2024 aka yi babban zaɓe. Majalisar wakilan Birtaniya kujera 650 gare ta. A zaɓen 2019 wannan jam'iyya ta ci kujera 365. A na 2024 kuwa, 121 ta tsira da su. Ku ƙara ji: daga 365 zuwa 121. Mutum kusan miliyan 14 ne suka zaɓe ta a 2019. Bayan shekara biyar, ko miliyan 7 ba su cika ba. Tun da aka kafa ta a 1834, ba ta taɓa shan kaye irin wannan ba.

Tun daga wannan dare ake gardama ɗaya a cikin gidan. Me ya kayar da mu? Amsa biyu ake bayarwa, kuma ko kusa ba sa haɗuwa.

To mu fara da sanin masu gardamar.

Mu ƙaddara muna wani ƙaramin gari a kudancin Ingila. Mako guda da zaɓe. 'Yan jam'iyya sun taru a ɗakin taron unguwa. Kujerun roba, butar shayi, da kwalin takardun kamfe da ba a raba ba. Ɗan majalisarsu ya faɗi.

Wani dattijo ya miƙe, tsohon mai garejin gyaran mota. Ya ce, mun yi wa mutane alkawarin rage baƙi, baƙi suka ƙaru. Mun yi alkawarin rage haraji, haraji ya hau. Mun hau mulki da sunan Conservative, muka yi mulki irin na jam'iyyar Leba. Don me za a sake zaɓenmu? Maganinmu shi ne mu koma kan aƙidarmu, mu riƙe ta gam.

Wannan shi ne ɗan riƙau. A siyasar Turai ana ce musu na hannun dama. Abin da suke so a taƙaice: a tsuke iyaka, a rage haraji, gwamnati ta rage sa hannu a harkar kasuwa, kada wata kotu ko hukuma ta waje ta ba Birtaniya umarni.

Sai wata mata ta karɓe zancen, likita ce mai 'ya'ya biyu. Ta ce, ni na bi gida-gida a unguwar nan ina ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabtana da suka shekara talatin suna zaɓenmu sun rufe mini ƙofa. Maganar baƙi ba ta dame su ba. Cewa suka yi mun zama jam'iyyar hayaniya da rigima. Layin asibiti ya dame su, da bashin gida, da ƙazantar da ake zubawa a kogi. In muka ƙara tsanani, sauran ma tafiya za su yi.

Wannan ita ce 'yar sassauci, mai matsakaicin ra'ayi. A can ana ce wa tafiyarsu ta al'umma ɗaya. Manufar ita ce mai kuɗi da talaka duk 'yan ƙasa ɗaya ne, kuma wajibin gwamnati ne kada ta bari ratar da ke tsakaninsu ta yi yawa. Suna danganta wannan tunani da Benjamin Disraeli, firaministan ƙarni na 19.

Kun ji su. Dattijo ya ce mun yi laushi da yawa. Likita ta ce mun yi tauri da yawa. Jam'iyya ɗaya, kati ɗaya, kaye ɗaya.

Yanzu mu ɗan koma baya, don wannan faɗa ya girmi kakan kowa a ɗakin.

A 1846 shugaban jam'iyyar, Robert Peel, shi ne firaminista. Akwai wata doka ta hatsi da ke tsawwala haraji a kan hatsin da ake shigowa da shi daga waje. Dokar ta yi wa manyan masu gonaki daɗi, su ne kuma ƙashin bayan jam'iyyar. Talakan birni kuwa burodi ya yi masa tsada. Ga yunwa ta ɓarke a Ireland saboda cutar da ta kama dankalin Turawa. Peel ya ce a soke dokar. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisarsa suka juya masa baya. Da ƙuri'un 'yan adawa ya samu aka soke ta. Jam'iyya ta tsage biyu. Ba ta sake samun cikakken rinjaye a majalisa ba sai 1874. Shekara 28 ke nan.

Mu tsallako zuwa zamanin Thatcher, wadda ta hau mulki a 1979. Ta zo da tsuke bakin aljihun gwamnati da karya ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago. Rashin aikin yi ya yi tsanani. Wasu ministocinta suka ce a sassauta. Aka laƙaba musu sunan jiƙaƙƙu, wato ragwaye masu sanyin jiki. Nata mutanen kuma aka ce musu busassu. A Satumban 1981 ta yi wa majalisar ministocinta garambawul, ta sallami wasu daga cikin jiƙaƙƙun, irin su Ian Gilmour. Dattawan Kano da Kaduna da ke saurarenmu, a daidai wannan lokaci ne ku ma kuke fama da santsi da taɓo a jam'iyyar PRP. Kun san yadda laƙabi ke zama makami a faɗan 'yan gida ɗaya.

Thatcher ta ci zaɓe sau uku. Duk da haka, 'yan jam'iyyarta ne suka kayar da ita a Nuwamban 1990, kuma batun Turai na cikin manyan dalilai. Wanda ya gaje ta, John Major, haka ya yi ta fama da 'yan tawaye a kan yarjejeniyar Maastricht, wadda ta kafa Tarayyar Turai. Da abin ya ishe shi a 1995, sai ya ajiye shugabancin jam'iyya, ya ce duk mai ja ya fito a kara. John Redwood ya fito. Major ya ci da ƙuri'a 218, Redwood 89. Ya ci, amma ciwon bai warke ba. A 1997 Tony Blair na jam'iyyar Leba ya yi musu kaca-kaca, suka koma kujera 165.

Masu sauraro, yanzu mun zo wurin da nake so ku kasa kunne sosai. Wannan ne kashi na uku, kuma a nan zuciyar maganar take. Tambayar ita ce: wa ke zaɓen shugaban jam'iyya?

A da can, manya ne ke ƙus-ƙus a bayan labule su fito da suna. Daga 1965 aka bai wa 'yan majalisa wannan iko. A 1998 kuma, ƙarƙashin William Hague, aka kawo sabon tsari mai hawa biyu. 'Yan majalisa su yi ta tankaɗe da rairaya har 'yan takara su rage biyu. Daga nan a miƙa wa 'yan jam'iyya masu kati, masu biyan kuɗin shekara, su zaɓi ɗaya.

A ido tsarin ya yi kyau. An ba na ƙasa murya. Amma su wane ne waɗannan masu katin?

A 2022 yawansu wajen dubu 172 ne. Masu rajistar zaɓe a Birtaniya kuwa sun kai wajen miliyan 48. Masana irin su Farfesa Tim Bale na Jami'ar Queen Mary da ke Landan sun daɗe suna nazarin 'yan jam'iyyar. Abin da suka gano shi ne yawancinsu sun manyanta, maza sun fi yawa, masu rufin asiri ne, kuma sun fi taruwa a kudancin Ingila. Wanda zai cire kuɗinsa ya sayi kati, ya fito taro cikin sanyi da ruwan sama, galibi mai zafin aƙida ne. Mai zaɓe na gama-gari kuwa, sau ɗaya yake tuna siyasa a shekara huɗu ko biyar.

Saboda haka ku riƙe wannan: masu zaɓen shugaban jam'iyya daban, masu zaɓen gwamnati daban.

Ga misali na farko. A 2001 aka fara gwada tsarin. A zagayen ƙarshe na 'yan majalisa, Kenneth Clarke ne ya zo na ɗaya. Tsohon ministan kuɗi ne, ɗan sassauci, sananne a ƙasa. Laifinsa ɗaya a wurin masu kati: yana son Turai. Sai suka zaɓi Iain Duncan Smith, ɗaya daga cikin 'yan tawayen Maastricht, da ƙuri'a wajen kashi 61 cikin ɗari. Bayan shekara biyu 'yan majalisa suka tsige shi. Ko babban zaɓe ɗaya bai kai jam'iyyar ba.

Misali na biyu ya fi ciwo. A 2022, bayan Boris Johnson ya sauka, 'yan majalisa suka fi ba Rishi Sunak ƙuri'a. Masu kati suka ce Liz Truss suke so. Ta samu ƙuri'a 81,326, Sunak ya samu 60,399. Ku lura, jam'iyyar ce ke mulki a lokacin. Wato mutum dubu 81 ne suka naɗa wa ƙasa mai mutum miliyan 67 firaminista.

Truss ta yi wa masu kati alkawarin zaftare haraji, kuma ta cika. Ran 23 ga Satumban 2022 ministan kuɗinta, Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa 'yan Ghana ne, ya karanta ƙaramin kasafi a majalisa. Ragin haraji na wajen fam biliyan 45, ba tare da an faɗi inda za a cike giɓin ba. Masu ba gwamnati bashi suka tsorata. Darajar fam ta faɗi ƙasa da yadda ta taɓa faɗi a kan dala. Sai da Babban Bankin Ingila ya shigo don kada asusun fansho su durƙushe.

Me wannan ke nufi a cikin gida? Bari in kai ku wani kicin. A Birtaniya yawancin mutane da bashin banki suke sayen gida. Ana tsayar musu da kuɗin ruwa na shekara biyu ko biyar, in wa'adin ya cika a sake sabon lissafi. To ga mata da miji zaune da daddare, yara sun yi barci, wasiƙar banki a kan tebur. Wa'adinsu ya cika a Oktoban 2022. Da suna biyan ruwa kashi biyu. Yanzu sabon farashi ya haura kashi shida. Mijin ya danna kalkuleta a waya, ya sake dannawa, ya miƙa wa matar ba tare da ya ce komai ba. Waɗannan mutane ba su da katin kowace jam'iyya. Ba a tambaye su ba lokacin da ake zaɓen Truss. Amma suna da ƙuri'a a babban zaɓe, kuma sun ajiye ta suna jira.

Kwana 49 Truss ta yi a kan mulki. Babu firaministan da ya kai ta gajeren zamani a tarihin ƙasar. Ita da magoya bayanta har yau suna cewa manufar daidai ce, Babban Banki da manyan ma'aikatan gwamnati ne suka yi mata zagon ƙasa. 'Yan sassauci na cewa a wannan mako ne jam'iyyar ta zubar da sunan da ta fi taƙama da shi, na iya riƙon tattalin arziki.

Masu zaɓen shugaban jam'iyya daban, masu zaɓen gwamnati daban.

Kada mai sauraro ya ɗauka ko da yaushe 'yan riƙau ne ke faɗuwa zaɓe. Ba haka ba ne, kuma wannan ne ya sa gardamar ta ƙi mutuwa. Kowane ɓangare na da shekarar da yake kafa hujja da ita.

'Yan sassauci na nuna David Cameron. Bayan kaye uku a jere, a 1997 da 2001 da 2005, ya karɓi jam'iyya ya sauya mata fuska. Tun 2002 Theresa May ta gaya wa taron jam'iyya cewa wasu na kiran su muguwar jam'iyya. Cameron ya shiga maganar muhalli da asibitocin gwamnati, ya ce a rage surutun Turai. A 2010 ya hau mulki da haɗin gwiwar jam'iyyar Liberal Democrat. A 2015 ya ci shi kaɗai.

'Yan riƙau kuma na nuna 2019. Cameron ɗin nan ne ya kira ƙuri'ar raba gardama a kan zama a Tarayyar Turai, don ya kwantar da 'yan riƙau na cikin gida da kuma Nigel Farage, mai neman a fita, da ke wajen jam'iyya. Ran 23 ga Yunin 2016 kashi 52 suka ce a fita. Cameron ya sauka. May ta shekara uku tana neman tsaka-tsaki, majalisa ta yi watsi da yarjejeniyarta sau uku. Sai Johnson ya zo. A Satumban 2019 ya kori 'yan majalisarsa 21 daga sahun jam'iyya a rana ɗaya. Cikinsu har da Kenneth Clarke, da tsohon ministan kuɗi Philip Hammond, da Nicholas Soames, jikan Churchill. Bayan wata uku ya ci zaɓe da rinjayen kujera 80. Ya ƙwace garuruwan ma'aikata a arewacin Ingila da suka yi shekara da shekaru a hannun Leba. 'Yan riƙau suka ce, kun gani? Da muka tsaya kan magana ɗaya, ai mun ci.

To mu shiga kashi na huɗu, mu duba lissafin 2024 da kansa.

Da farko ku san yadda ake cin kujera a Birtaniya. Ƙasar an yanka ta mazaɓa 650. A kowace mazaɓa, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ko da da ƙuri'a ɗaya ce. Babu zagaye na biyu. Irin tsarin da Najeriya da Ghana suka gada ne a zaɓen 'yan majalisa. A irin wannan tsari, rabuwar kai ita ce ajali.

Mu je mazaɓar Liz Truss ɗin, a yankin Norfolk. A 2019 ta ci da ratar ƙuri'a sama da dubu 26. A 2024 ta faɗi da ratar 630 a hannun ɗan Leba. Ina ƙuri'unta suka tafi? Ɗan takarar Reform, jam'iyyar Farage, ya kwashi kusan dubu 10. Wani tsohon ɗan jam'iyyarta da ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa ya kwashi sama da dubu 6. Ta dama an ɗiba, ta tsakiya an ɗiba.

Haka abin ya kasance a faɗin ƙasa. Reform ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, kashi 14 cikin ɗari. Kujera biyar kacal ta ci, amma a mazaɓu da yawa ƙuri'unta sun fi ratar da ɗan Conservative ya faɗi da ita. A ɗaya gefen, Liberal Democrat ta ci kujera 72, kuma wajen 60 daga hannun Conservative ta ƙwato su. Garuruwan masu hali ne a kudu. Har da Witney, tsohuwar mazaɓar Cameron. Har da Maidenhead, ta Theresa May.

Kun san gajeren bargo a daren hunturu. Ka ja shi ka rufe kai, ƙafa ta fito. Ka rufe ƙafa, kai ya fito. In jam'iyyar ta matsa dama don ta dawo da masu bin Farage, likitar nan da maƙwabtanta sun tafi. In ta matsa tsakiya, mai gareji ya tafi.

A nan zan faɗi nawa ra'ayin, mai sauraro yana da damar ya saɓa. Ɓangarorin biyu sun fi son gardamar dama da tsakiya saboda ta fi sauƙi. Tana ba kowa damar ɗora laifi a kan ɗan'uwansa. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cameron, ɗan sassauci, shi ya yi alkawari a 2010 cewa yawan baƙin da ke ƙaruwa a shekara zai sauko ƙasa da dubu ɗari. Bai cika ba. Johnson, gwarzon masu son fita daga Turai, shi ya kawo sabon tsarin biza bayan fitar. A ƙarƙashin wannan tsari ne adadin ya haura dubu 900 a shekara guda, zuwa 2023. Firaminista biyar jam'iyyar ta yi tsakanin 2016 da 2022. Ga shagulgulan da aka yi a fadar firaminista lokacin kullen korona, sa'ad da talakawa ba sa iya zuwa jana'izar iyayensu. Mai zaɓe da ya ga duk wannan, ban jin ya tsaya auna ko jam'iyyar ta yi dama ko ta yi tsakiya. Ya daina yarda da maganarta ne.

Wannan faɗa kuwa ya taɓa gidajenmu, ko mun sani ko ba mu sani ba. Da matsin 'yan riƙau ya yi yawa, gwamnatin Sunak ta hana yawancin ɗalibai 'yan waje zuwa da iyalansu daga Janairun 2024. A Maris na shekarar aka hana masu aikin kula da tsofaffi su ma. Kafin dokar, 'yan Najeriya ne suka fi kowa yawan iyalan da ke bin ɗalibai. Duk wanda ɗansa ya tafi karatun digiri na biyu ya bar mata da yara a gida, to ga inda hukuncin ya samo asali.

Kashi na ƙarshe: ina aka kwana bayan kayen?

Sunak ya sauka, aka buɗe takara. A nan wani abin mamaki ya faru. James Cleverly, wanda 'yan sassauci suka fi karkata gare shi, shi ke kan gaba a zagayen kusa da na ƙarshe da ƙuri'a 39. Washegari ya koma 37, ya fita. Kemi Badenoch ta samu 42, Robert Jenrick 41. Dukansu biyu na hannun dama ne. Wato masu kati ba a ma kai musu ɗan sassauci su duba ba. Ran 2 ga Nuwamban 2024 Badenoch ta ci da ƙuri'a 53,806, Jenrick 41,388.

Sunan ba baƙo ba ne a kunnenku. A Landan aka haife ta a 1980, a Legas ta tashi, ta koma Birtaniya tana da shekara 16. Ita ce baƙar fata ta farko da ta shugabanci babbar jam'iyya a ƙasar. Kalamanta a kan Najeriya, da kan Arewa musamman, sun ɓata wa mutane da yawa rai, har Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya mayar mata da martani a Disamban 2024. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da ya shafe mu yau shi ne inda ta ja jam'iyyar. A Oktoban 2025 ta yi shela biyu. Ta farko, in sun hau mulki za su fitar da Birtaniya daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai. Wannan yarjejeniya daban take da Tarayyar Turai. Tun 1950 aka ƙulla ta, kuma wani lauya ɗan Conservative, David Maxwell Fyfe, na cikin waɗanda suka tsara ta. Kotunta da ke Strasbourg ce ta tsayar da jirgin farko da zai kai masu neman mafaka Ruwanda a Yunin 2022. Tun daga nan 'yan riƙau suka ɗaura mata karan tsana. Shela ta biyu, za su soke dokar sauyin yanayi ta 2008. Theresa May, wadda a 2019 ta sa wa ƙasar wa'adin 2050 na kawar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, ta fito fili ta soki matakin. Tsohuwar shugaba tana sukar sabuwa.

Shin matsawa dama ta tsayar da zubar? A zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025, tun kafin shelar biyun nan, jam'iyyar ta rasa kansila sama da 600, Reform kuma ta samu sama da 600. A Satumba ɗan majalisa Danny Kruger ya koma Reform. A Janairun 2026 Badenoch ta kori Jenrick bisa zargin yana shirin sauya sheƙa, kuma a ranar ya bayyana kusa da Farage. Kafin watan ya ƙare, tsohuwar ministar cikin gida Suella Braverman ta bi shi. Ku duba: mutumin da masu kati sama da dubu 41 suka so ya shugabance su, yau yana wata jam'iyya.

'Yan sassauci na cewa ga shi nan, duk yadda ka kwaikwayi Farage, mai son Farage wurin Farage zai je. 'Yan riƙau da suka rage na cewa an makara ne, da tun ana kan mulki aka yi.

Akwai ƙasar da kowa a wannan gardama ke ambato, ita ce Kanada. A zaɓen 1993 jam'iyyar masu ra'ayin mazan jiya ta can, wadda ke kan mulki, ta dawo da kujera biyu tak. Wata sabuwar jam'iyya ta hannun dama, ita ma sunanta Reform, ta ci 52. Shekara goma suna raba ƙuri'a, jam'iyyar Liberal na mulki. A 2003 suka haɗe. Wanda ya shugabanci haɗakar, Stephen Harper, daga tsatson Reform ya fito, kuma ya zama firaminista a 2006. Farage ba ya ɓoye cewa wannan tarihi yake so ya maimaita.

Shi ya sa tambayar haɗa kai da Reform ta zama sabon layin da ya raba gidan. An taɓa yin makamancin haka. A 2019 Farage ya janye 'yan takararsa daga mazaɓu 317 da Conservative ta ci a zaɓen baya, hakan kuma ya taimaki Johnson. Badenoch ta ce ba za ta ƙulla ƙawance da shi ba. Bisa doka, babban zaɓe na gaba ba zai wuce Agustan 2029 ba. Kafin nan, in 'yan majalisarta suka ga ba ta kai su ko'ina, suna da hanyar cire ta. Kashi ɗaya cikin uku nasu su rubuta wasiƙa ga shugaban kwamitinsu, wanda ake kira Kwamitin 1922, sai a kaɗa ƙuri'ar yanke ƙauna. In ta faɗi, a sake tankaɗe da rairaya, a fitar da mutum biyu, a miƙa wa masu kati.

Nan za mu dakata a yau.